ZARE: A Sakkwato aka ɗauki faifan farko na Mdou Moctar, mu kuma ko labari

1/ Jama'a ku matso. Raina a ɓace yake tun jiya, kuma na san ba zan yi barci ba sai na amayar da abin da ke cikina. Zaren zai yi tsawo, mai ƙaramin data ya ajiye sai dare. Maganar kiɗa ce. Wanda zai zo min da "ba ka da aikin yi ne?" ya wuce abinsa tun yanzu, ba faɗa.

2/ Jiya da daddare a ɗakinmu nan wajen Dundaye, abokin zamana ya kunna wani kiɗa. Shi irin mutanen nan ne da in kowa ya yi gabas sai ya yi yamma. Jita ce mai kuka-kuka, ganga da sauri, wata mata tana rera waƙa kamar ana kore ta. Na ce malam wannan kuma daga wace duniya?

3/ Ya ce 'yan Sweden ne, sunansu Makthaverskan, daga garin Gothenburg. Salonsu ana ce masa post-punk, wani kiɗan jita mai duhu-duhu da ya taso a Ingila ƙarshen shekarun 1970. Sai ya fara zuba min tarihi: sun haɗu 2008, faifan farko 2009, na biyu 2013, na uku 2017, wani 2021. Har sunan mawaƙiyar, Maja Milner.

4/ Ban ce kiɗan ba daɗi ba. Yana da daɗinsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaro haifaffen Wamakko, wanda ko Abuja bai taɓa zuwa ba, ya haddace shekarun faifan wasu samari na ƙarshen duniya. Sai na gwada shi. Na ce ka san Mdou Moctar? Ya ce haba, wa bai san shi ba, ai gwani ne. Na ce a ina ya ɗauki faifansa na farko?

5/ Ya ce Amurka mana. Ko dai Faransa.

Na ce Sakkwato.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in daina wasa da hankalinsa.

6/ To ba wasa ba ne. Kundin waƙoƙin Mdou Moctar na farko, mai suna Anar, a garin Sakkwato aka ɗauke shi a shekarar 2008. Wannan garin da muke hawa kabu-kabu mu shiga kullum, muna ƙorafin zafi da ƙura. Yau da safe na tambayi mutum goma sha ɗaya a hanyar aji. Uku sun taɓa jin sunansa. Ba ko ɗaya da ya san maganar Sakkwato.

7/ Bari in gabatar da shi ga waɗanda ba su san shi ba. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ba'abzine ne, ɗan yankin Tawa a Nijar, wato maƙwabcinmu na ƙut da ƙut. Daga nan ka kama hanyar Illela, ka tsallaka Ƙwanni, ka miƙe Tawa, ka doshi Abalak. Ƙasarsu ke nan. Ya fi Legas kusa da mu nesa ba kusa ba.

8/ Gidansu ba sa son kiɗa, gidan addini ne irin namu. Ba wanda zai saya masa jita. Sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har gobe. Ya yi ci-rani a Libiya kamar dubban samarin yankin, ya dawo, ya kama wasa a gidajen biki.

9/ Yanzu ga tambayar da ya kamata kowane ɗan Sakkwato ya yi wa kansa: me ya sa saurayi mai jita daga can arewa ya nufo nan don ya ɗauki waƙa? Amsar za ta ɓata wa wasu rai. Saboda nanaye. E, wannan kiɗan fiyanon da kuke yi wa kallon banza.

10/ A shekarun nan waƙoƙin fina-finan Hausa sun cika Nijar. Situdiyoyin Arewa sun ƙware a abu biyu: kiɗan fiyano da gangar inji, da kuma matse murya da Auto-Tune har ta koma kamar ta aljanar ruwa. Wannan sautin shi ne a kan Anar. Jitar Abzinawa a hankali, gangar kwamfuta a ƙasa, murya a sama tana lanƙwasa irin ta waƙar fim.

11/ Ku je ku saurara kafin ku yi min gardama. In ka rufe ido, ka manta da harshen, za ka rantse waƙar soyayya ce ta fim ɗin Hausa na lokacin da muke firamare. Hannun mutanenmu ne a kai. Wani ɗan garin nan ne ya zauna gaban kwamfuta, mai yiwuwa janareto na ihu a waje, ya haɗa wannan sautin.

12/ Kuma ba a fitar da kundin a kasuwa ba a lokacin. Ba kamfani, ba talla, ba fosta. Waya zuwa waya ya bi. Bluetooth da memori. Ku tuna zamanin da ake zuwa wajen mai caji a ce "loda min waƙoƙi na naira hamsin". Haka waƙoƙin suka ratsa Nijar, suka shiga Mali, suka yi ta yawo a hamada ba tare da mai su ya sani ba.

13/ Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mutumin garin Portland, ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana karɓar waƙoƙi daga wayoyin mutane. A ciki ya ci karo da wata waƙa mai suna Tahoultine, ɗaya daga cikin na Sakkwaton nan. A 2011 ya saka ta a wani faifan haɗaka, Music from Saharan Cellphones, ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds.

14/ Bai tsaya nan ba. Ya shiga neman mai muryar har ya samo lambarsa, ya kira shi, ya zo Nijar ya same shi. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum ya taso daga bayan teku yana cigiyar mai waƙa ɗaya da ya ji a memori. Mu da aka ɗauki waƙar a bayan gidanmu ko sunan fayil ɗin ba mu gyara ba.

15/ Daga nan abin ya tafi. 2013 Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Tchintabaraden. 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan an ɗauke shi. 2015 ya fito a fim da harshen Tamashek, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da aka shirya a Agadas a kan salon fim ɗin Prince, Purple Rain. 2017 Sousoume Tamachek.

16/ 2019 ya fitar da Ilana, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakken rukuni. A nan ne Turawa suka rikice. Rukunin da aka fi saninsa da shi su huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganga, da wani Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar ƙasa. Sai kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, suka saki Afrique Victime a 2021.

17/ Wannan kundin ya shiga jerin fitattun faifan shekara a manyan jaridu da mujallun Amurka da Ingila. A 2024 suka hau dandalin Coachella a Kalifoniya, da rawaninsu da manyan rigunansu, ba su cire komai ba. A watan Mayun shekarar suka fitar da Funeral for Justice.

18/ To yanzu na gama ba da labari, bari in fara faɗa. Da mutum uku nake.

19/ Na farko: ku 'yan "ni ba na jin waƙar Hausa". Na san ku, muna aji ɗaya. In an kunna Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef a mota sai ku yatsine fuska, ku ce ai duk inji ne, ba murya ba ce. Amma wayarku cike take da mawaƙan Amurka da Legas da ko gaisuwa ba sa yi sai da injin nan.

20/ Auto-Tune fa wani kamfanin Amurka ne ya fito da shi a 1997. Cher ta yi Believe da shi a 1998 duniya ta ɗauka. A Nuwambar 2008 Kanye West ya saki 808s & Heartbreak, kusan duk da matsattsiyar murya, yau ana cewa ya canza tarihin kiɗa. A wannan shekarar dai, 2008, aka yi Anar a Sakkwato. Na can hazaƙa, na nan ƙauyanci ko? Wa ya raba muku wannan gadon?

21/ Ba na cewa kowace waƙar nanaye gwana ce. Wallahi akwai tarkace, da yawa ma. Akwai wanda kiɗa ɗaya yake juyawa shekara goma, kalmominsa ba su wuce zuciya, ƙauna, hawaye ba. Ni ma ina tsallake su. Amma tarkace daban, raina salon gaba ɗaya daban. Salon da ya ja mutum ya ƙetaro iyaka don ya same shi ba abin rainawa ba ne.

22/ Kuma ku tuna lokacin. A 2007 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirya fim na tsawon watanni, masu waƙa da rawa suna ta shan suka ta ko'ina. A daidai lokacin da ake yi wa sautin nan tofin Allah-tsine a gida, shi kuwa yana can yana tsallaka hamada cikin aljihun direbobi da makiyaya.

23/ Na biyu: ku da kuka san Mdou, amma sai da Bature ya buga masa hatimi. Abokin zamana na cikinku, kuma na faɗa masa a gabansa. Da a ce a 2010 wani ya turo muku Tahoultine ta Bluetooth, da kun goge ta kun ce "waƙar Buzaye ce". Yau da kuka ga Turawa na tsalle a gabansa, kun koma masoya na haƙiƙa.

24/ Kalmar nan ma ta "Buzu", mu faɗa wa juna gaskiya, yadda muke furta ta akwai raini a ciki. A idon da yawanmu Ba'abzine mai gadi ne ko mai shayi, shi ke nan. Su kuwa Kel Tamashek suke kiran kansu, suna da harshensu, da rubutunsu na Tifinag da ya daɗe ƙwarai. Mun fi ƙarni nawa muna cinikin gishiri da su, amma gaisuwarsu ɗaya ba mu iya ba.

25/ Ga Tinariwen na Mali sun ci Grammy a 2012. Ga Bombino na Agadas, kundinsa Deran ya shiga takarar Grammy. Ga 'yan matan Les Filles de Illighadad daga wani ƙauye kusa da Abalak suna zaga duniya. Ga Tal National na Yamai, da ke waƙa har da Hausa, wani kamfanin Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013. Duk a maƙwabta. Mu muna nan muna musun wa ya fi wani mabiya a TikTok.

26/ Alhali hanyar nan ba ta taɓa zama mai zuwa ɗaya ba. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo ta zama babbar murya a waƙoƙin Kano. Mdou ya gangaro Sakkwato ya ɗauki sauti ya koma. Tsakanin Illela da Ƙwanni layi ne kawai da Ingila da Faransa suka ja, amma kunne bai san da shi ba.

27/ Mun ga amfanin layin a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Duk wanda ke da ɗan'uwa a Illela ya san yadda kasuwa ta mutu. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe daga ɓangarenmu.

28/ A lokacin su Mdou suna yawon wasa a Amurka, hanyar gida ta toshe. Masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. A wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a New York suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025. Kun ga, ko zaman maƙalewarsu an adana shi, da kwanan wata.

29/ Kuma mutumin ba soyayya kawai yake rerawa ba. Yana maganar yadda Faransa ta kwashe shekaru tana ɗibar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar na cikin duhu. Yana da waƙa sukutum a kan kada matasansu su yar da harshensu. Ku da ke cika mana kunne da "mulkin mallaka" a nan kullum, ga wanda ke faɗa a gaban Turawan da kansu, ba ku ma san shi ba.

30/ Na uku, kuma wannan ya fi ci min rai domin ni ma ina ciki: mu duka, da rashin ajiyarmu.

31/ Makon da ya wuce na shiga gari na je wani situdiyo, ba zan faɗi suna ko unguwa ba. Mai wurin dattijo ne sosai a harkar, mutumin kirki, har ruwa ya sa aka kawo min. Na ce Baba, ayyukan da kuka ɗauka wajen 2008 zuwa 2010, ana iya samunsu? Ya kalle ni kamar na tambaye shi ruwan saman bara.

32/ Ya ce, "Ɗana, mi kaka yi da su? Kwamfutar wancan lokaci ai ta daɗe da ƙonewa. Ta bayanta kuma in ta cika sai mu share mu ɗora sabon aiki. Wanda ya biya kuɗinai mun ba shi kayanai, shi ke nan."

Na ce to littafi fa, inda ake rubuta wanda ya zo da ranar da ya zo?

Ya ce, "Littahin bashi dai muna da shi."

33/ Na yi dariya a wurin, amma a kan mashin ina dawowa, daidai gadar Kwalkwalawa, sai na ji abin ya tokare min ƙirji. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mutum na fama da kuɗin mai da kuɗin haya, wa zai ce ya sayi ma'ajiya don tarihi? Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abin da yake sharewa dukiya ce.

34/ Shi ya sa duk inda na karanta labarin Anar, abin da Turawa ke rubutawa bai wuce "an ɗauka a Sakkwato" ba, sai su wuce. Mai jita ya yi suna, mai kamfani ya yi suna, garin ya samu layi ɗaya. Mutumin da ya haɗa sautin fa? Aikinmu ne mu ɗaga sunansa, ba aikin wani ɗan Portland ba.

35/ Koma kan 'yan Sweden ɗin abokina. Kun san dalilin da ya sa ya iya haddace tarihinsu? Ba don sun fi namu iya kiɗa ba. A ƙasarsu tun 1661 doka ta ce duk abin da aka buga a kai kwafi ma'ajiyar ƙasa. Tun 1979 dokar ta haɗa da sauti da hoto mai motsi. Ko yara huɗu ne suka buga faifai a ɗakin ajiye mota, yana da inda zai kwana.

36/ Ƙasar da mutanenta miliyan 10 ne da 'yan kai, ko Jihar Kano ta fi su yawa. A Oktoban 2008 suka buɗe Spotify. Shekarar Anar ke nan fa. Su suna gina rumbun da duniya za ta zuba waƙa a ciki, mu muna share namu don a samu wurin sabon aiki. Spotify ɗin ma bai iso Najeriya ba sai Fabrairun 2021.

37/ Abin da ya fi ba ni haushi, rashin ajiya ba gadonmu ba ne. Nan fa Sakkwato ce. Garin da Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar rubutu jibgi. Mun san Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812 saboda an rubuta, an kwafa, an adana, jikoki sun riƙe. Je ka ɗakin tarihi na Waziri Junaidu ka gani da idonka.

38/ Mutanen da ba su da lantarki, da tawada da alƙalamin kara, sun isar mana da aikin shekara 200. Mu masu waya mai gigabait 128 mun kasa riƙe aikin shekara goma sha. Wallahi abin kunya ne, kuma da ni a ciki.

39/ Da ni a ciki, domin kawuna direba ne, ya yi shekaru yana jigilar Sakkwato zuwa Ƙwanni. Yana da wani memori cike da waƙoƙin da ya tara a tasha: na Abzinawa, na Zabarmawa, na 'yan dambe, har da wasu makaɗan ƙauye da ba su taɓa shiga situdiyo ba, a waya aka ɗauke su. Da ya ba ni tsohuwar wayar ina aji huɗu na sakandare, kun san abin da na yi?

40/ Na share shi tas. Na zuba wasan ƙwallo da waƙoƙin Legas. Da ya tambaye ni daga baya na ce, "Kawu ai tsofaffin abubuwa ne." Bai yi faɗa ba, ya ce "to, Allah shi kyauta." Kawu ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Ba ni da ko ɗaya daga cikin abin da yake ji a hanya. Don haka in kun ga ina zafi, da kaina nake fara yi.

41/ Kuma kada ku ce ai na zamani ne kawai ke ɓacewa. Buɗe YouTube ka nemi Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace. Za ka samu, alhamdu lillahi, wasu bayin Allah sun ɗora. Amma duba da kyau: sauti ya sha kwafi har ya dusashe, ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunan 'yan amshi. Wani lokaci ma hoton wani makaɗin daban ne a kai.

42/ Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waɗannan ba mutanen zamanin jahiliyya ba ne, iyayenmu sun gan su da ido. Amma ka ce wani ya jero maka ayyukan ɗayansu bi da bi da shekaru, yadda abokina ya jero na 'yan Gothenburg, sai a fara "ai Shata waƙoƙinsa ba sa ƙirguwa". Wannan ba yabo ba ne, uzuri ne muka yi wa ado.

43/ Kafin malamaina su ci ni tara: na san akwai waɗanda suka yi aiki, kuma na cire musu hula. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubutu mai yawa a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda a kan Narambaɗa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bibiyar kiɗan fim da na zamani. Amma mutum nawa ne su? Kuma mu nawa muka buɗe littattafan in ba don jarrabawa ba?

44/ Har waƙoƙin fim ɗin ma, kun san wa ya tattara wasu ya buga su a faifan garmaho don kasuwar duniya? Sahel Sounds ɗin nan dai, a 2013, da sunan Harafin So. Nanayen da kuke rainawa, wani na can ya saya da dala ya jera a kanta.

45/ Na san wani zai ce to ai Turawan nan kwasar kayanmu suke yi suna cin riba. Wannan magana ce da ya kamata a yi, ban hana ba. Wa ke riƙe da haƙƙin mallaka, nawa ke komawa ga mai waƙa, duk a tambaya. Amma wanda ya bar kayansa a bakin titi ruwa na dukansu, in wani ya tsince ya goge ya adana, da wane baki zai fara zagi? Ka fara shigar da naka ɗaki tukuna.

46/ Sai 'yan'uwana masu cewa kiɗa haramun ne, me ya kai ka. Na ga kun fara taruwa a ƙasan zaren. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ban kai ba, akwai malamai. Wanda ya bar kiɗa don Allah, Allah ya ba shi lada. Amma ciwon da nake faɗa bai tsaya kan kiɗa ba.

47/ Kasusuwan tafsirin malaman garin nan na shekarun 1980 da 1990 suna ina? Waƙoƙin wa'azi da tsofaffi mata ke rerawa a gidajenmu, wa ya ɗauka? Kwamfutar da ta share waƙa ita ce ke share karatu. Sakacin ɗaya ne, bai san halal da haram ba.

48/ Kuma don Allah a daina ce min "gwamnati ta yi". To ta yi, muna jira. Kafin nan fa? Mai situdiyo, littafi na naira ɗari biyar ya ishe ka: suna, rana, sunan waƙa, wanda ya yi kiɗa, wanda ya haɗa sauti. Mawaƙi, in ka ɗora waƙa rubuta sunan wanda ya yi maka aiki a ƙasa, ba zai rage maka komai ba. Mai ɗora tsofaffin waƙoƙi, in ka san shekara ka sa, in kaset ne ɗauki hoton bangonsa.

49/ Mu ɗalibai kuma, musamman 'yan sashen Hausa da tarihi da aikin jarida: kowace shekara ana rubuta kundin kammala digiri a kan jigo da salo a waƙar wane. Madalla. Amma ko mutum ɗaya ya ɗauki "tarihin situdiyoyin garin Sakkwato daga 2000 zuwa 2015" mana. Mutanen suna raye, suna nan cikin gari, shayi ɗaya zai sa su buɗe baki. Nan da shekara ashirin sai dai a ce Allah ya jiƙan rai.

50/ Abokin zamana dai ya saurari Anar daren jiya, daga farko har ƙarshe, bai ce uffan ba. Da ya gama sai ya ce, "Kai, wannan ai kamar waƙoƙin da Inna ke ji a rediyo tana tuwo." Na ce to ka gani. Ya ce amma har yanzu 'yan Sweden ɗinsa sun fi. Mun bar ta a haka, dare ya yi.

51/ Ga roƙona. Duk wanda ya yi aiki a wani situdiyo a Sakkwato wajen 2008, ko ya san wanda ya yi, kuma ya tuna wani saurayi Ba'abzine bahago da ya zo da jita, don Allah ya yi min magana ta akwatin sirri. Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma rigima ba. Sunan nake so a rubuta.

52/ Wanda kuma ke da tsohon memori ko kaset a cikin akwatin Baba ko na Inna, kada ya share, kada ya yar. Na sayi littafi mai bango ja da abin karanta memori. Ranar Asabar bayan la'asar ina wajen masu shayi na bakin hanyar Dundaye, zan kwafa in mayar maka da abinka a take. Zuwa yanzu mutum biyu sun ce za su zo, ɗaya ya ce nasa na kakarsa ne kuma akwai Ɗan Anace a ciki.